RA'AYINMU: Ƙwaya Ta Ci Kasuwa, Ina Masananmu Na Ƙwaƙwalwa?

Duk falken da ya taɓa sauke kaya a birnin Yawunde ya san unguwar Briketeri, inda Hausawa suka kafa zango, har wurin ya zama masaukin duk baƙon da ya fito daga Arewa. A nan ake cin tsire da kilishi, a nan teloli da masu atamfa da shadda suke, a nan kuma za ka ji yaro ɗaya yana juya Hausa da Fillanci da Faransanci a bakinsa. Gaba kaɗan ga Tsinga, inda babban masallacin nan yake, da kuma katafaren zauren taron da ke kan tudu, wanda ake tara shugabanni da masana daga ƙasashe daban-daban a cikinsa. Tsakanin wannan tudu da lungunan Briketeri tafiyar 'yan mintoci ce, amma a kan batun da muke son tattaunawa yau, tazarar da ke tsakanin masu ilimi da masu ciwon ta fi ta Yawunde zuwa Kusiri.

Batun shi ne shan ƙwaya, musamman tiramadol, wanda a Kamaru aka fi sani da tiramol. Ba sai an yi wa ɗan kasuwa dogon bayani ba, domin kuwa a gabansa abin yake faruwa. Daga kasuwar Mokolo ta Yawunde zuwa Kiye-Osi a kan iyakar Gabon, daga Banki da Amcide zuwa Gamboru da Fotokol, daga Mubi zuwa Jibiya da Illela da Ƙonni, labarin ɗaya ne. Ɗan dako yana haɗiya domin ya ɗauki buhun da ya fi ƙarfinsa, ɗan acaɓa yana haɗiya domin ya kai dare yana aiki, yaron mota yana jefawa a cikin shayi domin kada barci ya sace shi a hanya. Da yawansu ba don nishaɗi suka fara ba, neman abinci ne ya kai su. Sai bayan watanni maigida ya lura yaronsa ya rame, ga saurin fushi, ga ciniki ba ya cika, wata rana kuma a tarar da shi ya faɗi yana jijjiga a bakin rumfa kamar mai farfaɗiya.

Mu a wannan jarida mun sha yin kira ga jami'an tsaro da na kwastan, kuma ba mu janye wannan kira ba. Sai dai yau muna so mu jawo hankali ga wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, wato horar da matasan masu bincike, 'ya'yanmu, a fannin kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, domin su nazarci yadda waɗannan ƙwayoyi ke kama mutum da kuma yadda za a kuɓutar da shi. A ra'ayinmu, muddin ba mu da irin waɗannan masana a cikinmu, za mu ci gaba da yaƙi da abokin gaba da ba mu san makaminsa ba.

Bari mu fara da girman matsalar. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon shekarar 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abin maye a cikin shekara guda, ba tare da an haɗa da giya da taba ba. Daga cikinsu mutum miliyan 4.6 sun sha magungunan kashe ciwo irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba, wasu miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari domin maye. Binciken ya kuma nuna cewa ɗaya daga cikin kowane masu shan huɗu mace ce. Wannan lissafin ƙasa ɗaya ke nan, kuma duk wanda ya san yadda kaya ke ƙetare iyaka ya san abin da ya sami Maiduguri ba zai bar Marwa ba, abin da ya sami Katsina ba zai bar Maraɗi ba.

Hukumomi ba su zauna haka nan ba. Nijeriya ta kafa hukumar NDLEA tun a shekarar 1989. Kamaru tana da kwamitin ƙasa na yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ga kuma dokar shekarar 1997 da ta tsara yadda za a sa ido a kan abubuwan maye. A watan Mayun 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin, bayan wani binciken ƙwaƙwaf da BBC ta yi. A wannan shekarar ce kuma ƙasar Indiya, wadda daga can ne mafi yawan tiramadol ke fitowa, ta saka shi cikin jerin magungunan da dokarta ta abubuwan maye ta tsananta wa. Amma me ya biyo baya? Masu safara suka koma ga wata ƙwaya mai haɗin tafentadol da karisofurodol, wadda ta cika kasuwannin Afirka ta Yamma da sunaye iri-iri, har sai a watan Fabrairun 2025 Indiya ta haramta haɗa ta. A ƙasar Saliyo kuma, abin da ake kira kush ya yi ɓarna har Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024, kuma sai da aka kai samfurinsa ɗakin gwaje-gwaje kafin aka gano cewa yana ɗauke da wasu sinadarai na roba masu tsananin ƙarfi da ake kira nitazin.

Darasin a fili yake, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa: matuƙar akwai mai saye, ba za a rasa mai kawowa ba. Idan aka toshe wannan hanya, sai kaya su ɓullo ta waccan. Kame da ƙona kaya suna rage yawan abin da ke kasuwa, amma ba sa taɓa ƙishirwar da ke cikin kan wanda ya riga ya kamu. Wannan ƙishirwa kuwa a ƙwaƙwalwa take, don haka dole sai an nemi masanan ƙwaƙwalwa.

Abin da masana suka gano ya zuwa yanzu ba kaɗan ba ne. A shekarar 1954 wasu masu bincike biyu, James Olds da Peter Milner, a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, suka gano cewa akwai wani wuri a ƙwaƙwalwar ɓera da idan aka taɓa shi da ɗan lantarki, ɓeran zai yi ta danna maɓallin da ke kawo lantarkin ba ƙaƙƙautawa. Daga baya aka fahimci cewa wannan hanya ce da Allah Ya halitta a ƙwaƙwalwa domin ta riƙa koya wa mai rai komawa ga abin da ke amfanarsa, kamar abinci da ruwa, kuma tana aiki ne da wani sinadari mai suna dofamin. Abubuwan maye suna kutsawa cikin wannan hanya su tsiyayar da dofamin fiye da ƙima. Idan aka daɗe ana haka, ƙwaƙwalwa sai ta rage jin sinadarin domin ta kare kanta. Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka a Amurka sun nuna wannan raguwa a jikin waɗanda suka daɗe suna shaye-shaye. Shi ya sa wanda ya fara da ƙwaya ɗaya yake komawa biyar, kuma shi ya sa abinci da hira da iyali suke daina yi masa daɗi. A lokacin ba maye yake nema ba, so yake kawai ya ji shi daidai kamar kowa.

Har ila yau, an gano cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke da alhakin auna abu da kame kai, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Ke nan yaron shago ɗan shekara 16 da aka miƙa wa ƙwaya a tasha, kamar mota ce aka ƙara wa mai alhali ba a gama ɗaura mata birki ba. Wannan ba ya nufin an ɗauke wa mutum alhakin aikinsa, kuma ba ya rage darajar tarbiyya da wa'azi. Abin da yake nufi shi ne, cewa da wanda ya kamu "ka daina kawai" daidai yake da cewa da mai karaya ya tashi ya yi gudu.

To, idan an san duk wannan, me ya sa muke buƙatar namu masanan? Amsa ta farko ita ce, mafi yawan binciken an yi shi ne a kan hodar ibilis da heroyin da giya da taba, a jikin mutanen Turai da Amurka. Tiramadol kuwa, wanda kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa a shekarar 1962 ya kuma fito da shi kasuwa a 1977, daban yake. Aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana kashe ciwo irin yadda dangin ofiyom suke yi, kuma yana ƙara wasu sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa irin yadda magungunan ciwon damuwa suke yi. Wannan ne ya sa mai shansa yake jin ƙarfi maimakon kasala, kuma wannan ne ya sa yawansa ke jawo jijjiga. Likitoci suna ba da shi miligiram 50 ko 100, kuma ba a so a wuce miligiram 400 a yini. Amma wanda ake sayarwa a tebur da bayan rumfa yakan kai miligiram 200 ko 225 a ƙwaya ɗaya, kuma akwai masu haɗiyar da yawa a tashi guda, su kora da kofi ko lemon ƙara kuzari, a cikin zafin rana, da yunwa a ciki. Yadda irin wannan sha ke yi wa ƙwaƙwalwar saurayi a tsawon shekaru tambaya ce da ba Bature ne zai amsa mana ita ba, domin ba a ƙasarsa ake yi ba.

Amsa ta biyu ta shafi jikinmu. Tiramadol ba ya kai ga cikakken ƙarfinsa sai hanta ta sarrafa shi, kuma saurin wannan aiki gado ne, ya bambanta daga mutum zuwa mutum da kuma daga al'umma zuwa al'umma. An gano cewa a Habasha akwai mutane da yawa da hantarsu ke sarrafa irin waɗannan magunguna da sauri ƙwarai, alhali a wasu al'ummomin Afirka akwai nau'in gadon da ke rage saurin. Wannan na iya bayyana dalilin da ya sa abokai biyu za su sha ƙwaya iri ɗaya, ɗaya ya tashi ya ci gaba da dako, ɗaya kuma a ɗauke shi ranga-ranga. Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin halitta, amma mafi yawan manyan binciken da aka yi kan gado a duniya a kan mutanen da asalinsu Turai ne aka yi su. Wa zai zo ya auna na Bahaushe da Bafillace da Babarbare idan ba 'ya'yansu ba?

Akwai wani labari daga Kamaru da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya ji. A shekarar 2013 wasu masana daga Faransa tare da takwarorinsu na Kamaru suka ba da sanarwar cewa sun sami tiramadol a cikin saiwar tafashiya, itacen nan da masu maganin gargajiya suka daɗe suna amfani da shi wajen zazzaɓi da ciwon jiki. Duniya ta yi mamaki, domin an ɗauka itace ne ke samar da maganin da kamfani ya ƙirƙira. Sai a shekarar 2014 wata tawaga daga jami'ar Dotmund ta Jamus, ita ma da ɗan Kamaru a cikinta, ta bi diddigi ta gano cewa saiwoyin da aka tono a arewacin ƙasar ne ke ɗauke da sinadarin, na kudu babu. Da suka tambayi mutanen karkara, sai aka shaida musu cewa manoma suna sha, suna kuma ba shanun noma domin su jure aiki. Dabbobin suna fitar da shi a fitsari da kashi a gindin itatuwa, saiwa kuma ta tsotsa. An sami ɓurɓushinsa har a ƙasa da ruwa. Masu binciken farko ba su amince nan take ba, an yi ta muhawara, amma wani awo da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa tiramadol ɗin da ke cikin ƙasar yankin na masana'anta ne.

Abu biyu muka ɗauka daga wannan labari. Na ɗaya, ƙwayar ta yi yawa a yankinmu har ta shiga ƙasar da muke nomawa. Na biyu, manyan na'urorin Turai ba su warware zancen su kaɗai ba, sai da aka sami wanda zai zauna da manomi ya tambaye shi da harshen da yake ji. Da ɗan gari akan ci gari. Saurayin da ya tashi a Briketeri, wanda ya san sunayen da ake kiran ƙwayoyi da su a tasha, wanda ɗan acaɓa ba zai ɗauke shi ɗan leƙen asiri ba, idan ya sami horo na kimiyya zai ga abin da baƙo ba zai gani ba ko da ya shekara goma.

Sai dai irin waɗannan matasa sun yi ƙaranci. Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, tare da abokan aikinsa sun wallafa wani nazari a shekarar 2021 kan binciken ƙwaƙwalwa da aka yi a Afirka daga 1996 zuwa 2017. Sun gano cewa ƙasashe biyar, wato Masar da Afirka ta Kudu da Nijeriya da Maroko da Tunisiya, su ne suka fitar da wajen kashi uku cikin huɗu na ayyukan, kuma a yawancin nahiyar kuɗin binciken daga waje yake zuwa. Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓar waƙa. Shekarar 2025 ta ƙara koya mana haɗarin dogaro da aljihun wani, lokacin da gwamnatin Amurka ta zaftare tallafin da take bai wa ƙasashen waje, ayyukan lafiya da na bincike da dama a Afirka suka tsaya cik. Ƙasashenmu kuwa sun daɗe da yin alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikinsu domin bincike, amma kusan dukkansu ba su cika ba.

Duk da haka ba daga tushe za a fara ba. A Yawunde akwai tsangayar koyar da likitanci ta Jami'ar Yawunde ta Ɗaya, akwai Babban Asibitin birnin da Cibiyar Pasteur, duka ba su da nisa da Briketeri, akwai kuma Asibitin Jamot da aka sani da kula da masu taɓin hankali. Farfesa Alfred Njamnshi, likitan jijiyoyi, ya kafa wata cibiya ta binciken ƙwaƙwalwa a Afirka mai mazauni a Kamaru. Jami'o'in Ngawundare da Buya suna da malamai da suka daɗe suna nazarin tasirin itatuwan magani a kan ƙwaƙwalwa. A matakin nahiya, ƙungiyar masanan ƙwaƙwalwa ta Afirka tana nan tun 1993, ƙungiyar binciken ƙwaƙwalwa ta duniya, IBRO, kuma ta shekara da shekaru tana shirya gajerun makarantu ga ɗalibai a ƙasashen Afirka. Ƙungiyar TReND, wadda aka kafa a 2011, ta nuna cewa ana iya koyar da wannan fanni da kayan aiki masu araha, har da amfani da ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, domin su ma suna buguwa da giya kuma suna sabawa da ita. A Damaturu, cibiyar bincike da horarwa da Dokta Maina ya jagoranci kafawa a Jami'ar Jihar Yobe a 2021 ta tabbatar da cewa ana iya kafa ɗakin gwaje-gwaje na zamani a yankin da ya sha fama da rikici.

Amma horon mako biyu ba ya yin masani, kamar yadda zaman mako biyu a rumfa ba ya yin ɗan kasuwa. Kowane attajiri ya san yadda ake renon yaro a sana'a: shekaru yana bin ubangidansa, yana koyon awo da lissafi da halin mutane, daga ƙarshe a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Haka mai bincike yake. Bayan digiri na farko yana buƙatar na biyu da na digirgir a ƙarƙashin malamin da ya san aikin, yana buƙatar ɗakin gwaji mai wutar da ba ta yankewa, da sinadaran da ba za su shafe watanni a tashar jirgin ruwa ba, da alawus da zai hana shi barin aiki ya tafi neman abinci. Inda muka fi yin asara shi ne wajen sallama. Saurayi zai gama digirin digirgir, ya dawo gida da zumuɗi, sai ya tarar babu jari, babu kayan aiki, sai ɗalibai ɗaruruwa da alli. Bayan shekara biyu ko uku ya tattara ya koma inda ya fito. Mun yi reno, wasu sun ci moriya.

Wani zai ce, ina ruwan mai jin yunwa da binciken ƙwaƙwalwa, a samar wa matasa aiki, a gina asibitoci. Gaskiya ne talauci da aikin wahala su ne tushen matsalar, kuma babu masanin da zai maye gurbin aikin yi. Amma asibitin da za a gina da wane ilimi zai yi aiki? Maganin da ake ba wanda heroyin ta danne wa numfashi yana iya farfaɗo da mai tiramadol, amma ba ya tsayar da jijjiga. Wanda ya bar tiramadol kwatsam, ban da ciwon jiki da gudawa da rashin barci, yakan shiga firgita da ruɗewa, har iyali su ɗauka iska ce. Rashin wannan sani ne ke sa iyaye, cikin ƙauna da rashin mafita, suke kai 'ya'yansu gidajen mari. Ba mu manta da abin da 'yan sanda suka tarar a shekarar 2019 a Kaduna da Daura da Katsina ba, inda aka fito da ɗaruruwan mutane, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Rufe irin waɗannan gidaje bai amsa tambayar uwar da ɗanta ya kamu ba: to ina zan kai shi?

Haka kuma, sanin ya-kamata ne zai hana mu yin gyaran gangar auzinawa. Tiramadol magani ne na gaske, kuma a asibitocin karkara da yawa shi ne kaɗai abin da ake samu domin mai ciwon daji ko mai sikila ko wanda aka yi wa tiyata. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ba a saka shi cikin jerin ƙwayoyin da dokar ƙasa da ƙasa ta ƙayyade ba. Raba mai ciwo da mai maye aiki ne na masana, ba na kulki ba.

Don haka muna kira ga gwamnatocin Kamaru da Nijeriya da Nijar da Cadi da su ware wani kaso na kuɗin yaƙi da miyagun ƙwayoyi domin horar da matasan masu bincike, su kuma ba waɗanda suka gama karatu jarin fara aiki na 'yan shekaru. Jami'an kwastan da na hana sha da fataucin ƙwayoyi su riƙa ba jami'o'i samfurin abin da suka kama kafin a cinna masa wuta, domin a san abin da ke ciki. Jami'o'in Yawunde da Marwa da Ngawundare su ƙulla zumunci da na Maiduguri da Kano da Zariya da Maraɗi. Bambancin Faransanci da Ingilishi bai hana masu safara fahimtar juna ba, bai kamata ya hana masana ba, balle ga Hausa da Fillanci da suka haɗa mu tun kafin a shata iyaka. Su kuma masanan, wajibi ne su sauko daga tudu. Sakamakon da aka rubuta da Turanci aka ajiye a mujallar da ke Landan bai amfani ɗan dakon Mokolo ba. A kawo shi rediyo da masallaci da taron ƙungiya, da harshen mutane.

Kira mafi girma kuwa gare ku yake, 'yan kasuwa. Da kuɗinku aka gina masallatai da makarantun Islamiyya daga Briketeri har Ƙonni, kuma Allah Ya saka da alheri. Babu abin da zai hana ƙungiyar 'yan kasuwa guda, ko ta masu shanu, ko ta direbobi, ta ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ko ɗaliba ɗaya daga cikin 'ya'yanta har zuwa digiri na biyu a wannan fanni, da sharaɗin binciken ya shafi matsalar kasuwarsu. Malamanmu za su iya bayyana yadda wakafi zai shiga irin wannan aiki. Kada a bar 'ya'ya mata a baya, domin matar da ta kamu a cikin gida ba za ta buɗe wa namiji cikinta ba. Idan masu bincike suka zo kasuwa da takardar izini, sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiyoyi su buɗe musu ƙofa, bisa sharaɗin a rufa wa kowa asiri kuma kada a miƙa sunan kowa ga hukuma. Maigida kuma ya dubi nauyin da yake ɗora wa yaransa, domin wanda ya sa yaro aikin mutum uku a kan ladan mutum ɗaya, shi ya nuna masa hanyar mai tebur.

Ba za mu rufe ba sai mun faɗi mai ɗaci. Ƙwayar nan ba da ƙafarta take ƙetare iyaka ba. A cikin dilar atamfa da buhun shinkafa da kwalin batir take tafiya, kuma wasu daga cikinmu ne suke ɗaura ta. Ribar tana da yawa, mun sani, amma wanda ya sayar wa ɗan wani da safe, wani zai sayar wa nasa da yamma. Ƙungiyoyin kasuwa sun san waɗannan mutane, kuma suna da hanyoyin ladabtar da nasu tun kafin hukuma ta zo.

Kakanninmu sun taka daga Kano da Katsina har Yawunde da ƙafa, suka kafa unguwa, suka bar mana suna. Abin da ya rage gare mu shi ne mu bar wa na baya matasa masu lafiyar hankali da za su gaji rumfunan. Renon masani yana cin shekara goma ko fiye, don haka duk shekarar da aka yi jinkiri, wani rukunin yara ne za su shiga hannun ƙwaya ba tare da mai ceto ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya kamata ya koya wa ɗansa gyaran rufi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba waɗanda suka kamu lafiya, amin.